Gwiwar da Ta Ƙi Sujada: Yadda Ake Auna Motsin Gaɓa da Ƙarfin Tsoka

A sahun baya na masallatai, daga Boɗinga har Shagari, ba wuya mutum ya ga kujerar roba an jingine ta da bango. Wasu daga cikin masu salla a kanta dattawa ne da shekaru suka cim musu. Wasu kuwa ba su kai arba'in ba. Ga ƙarfi a jika, ga noma suna yi daidai gwargwado, amma gwiwa ɗaya ta ƙi lanƙwasuwa, sujada ta gagara.

Labarin irin waɗannan magidanta yakan zo kusan iri ɗaya. Kabu-kabu ya kayar da mutum a kan titin da ya fito daga Sakkwato ya ratsa Boɗinga da Shagari ya nufi Tambuwal da Jega, ko kuma ya faɗo daga amalanke. Ƙashin cinya ya karye. An kai shi wurin mai ɗori, ko an sa masa filasta a asibiti, ya yi makonni ƙafar na miƙe. Ƙashi ya kama, an yi wa Allah godiya. Ranar da aka kwance ɗaurin ne aka tarar gwiwar ta sandare, cinyar kuma ta motse.

Wanda ya dace ya kai ga ɗakin likitan fisiyo, wato mai jinyar gaɓoɓi da tsoka ta hanyar motsa jiki, a birnin Sakkwato yakan shiga da tsammanin za a kunna masa fitilar gashi, a shafa mai, a murza. Sai ya ji an ce, "Malam, hau nan ka kwanta rigingine, a naɗe ƙafar wandon har sama da gwiwa." Likitan ya ɗauko wani ɗan ma'auni na roba mai hannu biyu, ya laluba ƙashin ƙugu da na idon sawu, ya ɗora, ya karanta, ya rubuta. Ya zaunar da shi bakin gado ya ce ya miƙe ƙafa. Ya juya shi ta gefe ya sake cewa ya miƙe. Ya yi wa lafiyayyar ƙafar ma haka. Rabin awa ta wuce ba a taɓa kwalbar mai ba, ɗan rakiya ya fara duban agogo yana tunanin motar komawa gida.

A kan wannan rabin awar dukan jinyar za ta tsaya. In an yi ta yadda ya kamata, likita ya gane ko gaɓar ce ta ƙage, ko tsokar ce ta yi rauni, ko jijiya ce ta taɓu, kuma kowanne da hanyar da ake bi masa. In an yi ta a gurguje, mara lafiya na tsaye ko a karkace kan benci, za a cika kati da lambobin da ba su da amfani, a yi wata uku ana zirga-zirga ana biyan kuɗin mota, ba mai iya cewa an ci gaba ko an koma baya.

Awon da shan inna ta haifar

Auna ƙarfin tsoka da hannu ya faro ne daga cutar da mutanen wannan yanki suka sani sarai. A farkon ƙarni na 20 shan inna ta addabi Amurka. A birnin Boston, wani likitan ƙashi mai suna Robert Lovett da abokiyar aikinsa Wilhelmine Wright suka nemi hanyar bambance yaron da ƙafarsa ta mutu ɗungurungum da wanda ke da sauran motsi. Wright ta wallafa tsarin nasu a 1912. Nauyin ƙafar yaron shi ne suka mayar ma'auni. Zai iya ɗaga ta sama? In ya kasa, a kwantar da shi yadda nauyin ba zai yi masa cikas ba, a ga ko zai ja ta. In ya iya, a ƙara masa da hannun mai awo.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Majalisar Binciken Likitanci ta Birtaniya ta fitar da ma'auni na sifili zuwa biyar saboda sojojin da harsashi ya lalata wa jijiyoyi, kuma shi ne ya fi yaɗuwa har yau. A 1965 ƙungiyar likitocin ƙashi ta Amurka ta daidaita yadda ake auna kusurwar gaɓa, aka yarda a riƙa fara ƙirge daga sifili, wato matsayin mutum idan ya tsaya sak, hannuwa a gefe.

A Najeriya an soma aikin fisiyo a asibitin ƙashi na Igbobi da ke Legas a 1945. An kafa ƙungiyar masu sana'ar a 1959, Jami'ar Ibadan ta buɗe karatun digiri a 1966, wata dokar 1988 kuma ta kafa hukumar da ke yi musu rajista. A Arewa, Kano ce ta daɗe tana yaye su, tsakanin asibitin ƙashi na Dala da Jami'ar Bayero. A Sakkwato, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana da sashen fisiyo, kuma birnin ne mafi yawan masu buƙata daga ƙauyuka ke nufa.

Shan inna dai ba tsohon labari ba ne a Boɗinga. A Borno aka ga ƙwayar cutar ta asali a karo na ƙarshe a Najeriya a 2016, aka ayyana Afirka ta rabu da ita a Agustan 2020. Amma a Oktoban 2016 ɗin nan an samu wani yaro a ƙaramar hukumar Boɗinga da ya shanye da nau'in da ke tasowa daga ƙwayar rigakafi da aka raunana, idan ta daɗe tana yawo a inda yara da yawa ba su samu ɗigon ba. Shi ya sa har yanzu ake bibiyar duk yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da hannu ko ƙafarsa ta saki farat ɗaya. Kuma ba kowane sakin ƙafa ne shan inna ba. Allurar da aka soka ba daidai ba a ɗuwawu tana iya samun babbar jijiyar ƙafa, yaro ya riƙa jan tafin sawu. Shan inna ba ta ɗauke jin taɓi, raunin allura kuwa sau da yawa yakan ɗauke. Mai awon da ya bi tsokoki ɗaya bayan ɗaya, ya gwada jin taɓi a bayan sawu, yakan fara hango bambancin tun kafin sakamako ya dawo daga ɗakin gwaji.

Kwanciya ta riga ma'auni

Goniyomita, wato ɗan ma'aunin nan na roba, ba shi da tsada kuma ba shi da wuyar karantawa. Wuyar tana wurin kwantar da mutum.

A ɗauki gwiwa. Mara lafiya yana rigingine a kan shimfiɗa mai tauri, domin katifa mai laushi tana nutsar da ƙugu ta ɓata layi. Tsakiyar ma'aunin tana zama a kan ƙullutun ƙashin da ke gefen gwiwa ta waje. Hannun ma'aunin ɗaya ya kalli ƙashin da ke turowa a gefen kwatangwalo, ɗayan ya kalli idon sawu na waje. Waɗannan wurare uku da yatsa ake laluba su a kan fata. Wanda ya yi kirdado ta saman wando yana iya kaucewa da digiri goma bai sani ba.

Sai abin da masu koyo ke yawan mantawa. Akwai tsokokin da ke ƙetare gaɓa biyu, saboda haka matsayin gaɓa ɗaya yana canza awon ɗayar. Wani reshe na tsokar gaban cinya ya taso ne daga ƙashin ƙugu ya sauka ƙasan gwiwa. In aka kifar da mutum rub da ciki aka lanƙwasa gwiwarsa, wannan tsoka za ta ɗaure ta tsayar da motsin tun gaɓar ba ta kai iyakarta ba. In aka auna shi rigingine, cinya a ɗage, sai lambar ta ƙaru. Haka kwatangwalo: da gwiwa a lanƙwashe yakan kai digiri 120, da gwiwa a miƙe kuwa tsokar bayan cinya takan tsayar da shi wajen 70 zuwa 80. Haka idon sawu da tsokar sha-raɓa. Duka awon biyu gaskiya ne, amma kowanne amsar tambaya daban yake bayarwa. Wanda ya auna majinyaci rigingine yau, bayan wata guda abokin aikinsa ya auna shi a kife, kamar mai awon hatsi ne da ya cika mudu da tozo a zuwan farko ya shafe bakinsa a na biyu, sannan ya ce gero ya ragu.

Ana auna motsi iri biyu. Akwai wanda mutum ya yi da kansa, akwai wanda likita ya yi masa yana sake. Tazarar da ke tsakaninsu tana da labari. In likita na iya miƙe gwiwar sak amma mai ita ya kasa kai ta can, matsalar rauni ce ta tsoka ko jijiya. In shi ma likitan ya tura ta ƙi, gaɓar ce ko naman da ke kewaye da ita ya ƙage.

A ƙarshen turawar kuma hannu yakan ji wani abu da ma'auni ba ya nunawa. James Cyriax, likitan Ingila, shi ya shahara da koyar da wannan. Tsayawa mai tauri ta ƙashi kan ƙashi, irin ta gwiwar hannu idan ta miƙe, daban take da tsayawa mai ɗan bayarwa ta jijiya da ta ɗaure. Ta biyu tana iya sakuwa da motsa jiki a hankali. Ta farko, in ta zo a inda bai kamata ba, hoto take buƙata. In kuwa mara lafiya ya yi ƙara ya riƙe hannun likita tun ba a ji tsayawar komai ba, to a dakata, akwai abin da ke ciki.

Ko da an kiyaye duk wannan, awon goniyomita yakan yi kuskuren da ya kai digiri biyar. Canjin da bai wuce haka ba, ba a kiransa sauƙi. Kuskuren yana raguwa idan mutum ɗaya ne ke maimaita awon, da ma'auni ɗaya, a kwanciya ɗaya.

Daga sifili zuwa biyar

Sifili shi ne babu motsi sam. Ɗaya, ana jin tsokar na ɗan harbawa a ƙarƙashin yatsa amma gaɓa ba ta gusa ba. Biyu, gaɓa na tafiya har iyakarta idan an ɗauke mata nauyi. Uku, tana ɗaga nauyin kanta. Huɗu, tana jure turin hannun likita zuwa wani ƙadari. Biyar, ƙarfi cikakke.

Tsakanin biyu da uku ne kwanciya ke yanke hukunci. Mutumin da aka zaunar bakin gado aka ce ya miƙe gwiwa ya kasa, mai gaggawa zai rubuta masa sifili, dangi su koma gida da labarin cewa ƙafa ta mutu. Da an juya shi ta gefe, an tallafi ƙafar ko an ɗora ta a kan allo mai santsi da aka barbaɗa wa hoda, mai yiwuwa ya ja ta har ƙarshe. Wannan biyu ce, kuma tsokar da ke kan biyu tana da abin da za a gina a kai.

Wurin ɗora hannu shi ma ƙa'ida ne. Ga tsokar gaban cinya, ana turawa ne dab da saman idon sawu. In aka matsa kusa da gwiwa, mara lafiya zai ga kamar ya yi ƙarfi alhali likita ne ya rage wa kansa dama. Ana ƙara turin a hankali, ba fizga. Umarnin kuma gajere ne, da harshen da mutum ke ji: "Baba, riƙe nan, kada ka bari in danne." Ga mai hawan jini, kuma irinsa ne da yawa daga cikin masu zuwa bayan shanyewar ɓarin jiki, ana hana shi riƙe numfashi yayin yunƙuri, domin hakan na ɗaga jini.

Jiki ya iya dabara

Jikin ɗan Adam ba ya son a ce ya kasa. In tsoka ɗaya ta gaza, maƙwabtanta sukan karɓi aikin ba tare da mai jikin ya sani ba. Matar da kafaɗarta ta ƙage, in aka ce ta ɗaga hannu, sai ta ɗage allon kafaɗa ta karkata gadon baya, hannun ya yi sama, a ga kamar lafiya lau. Wanda tsokar gefen ƙugunsa ta yi rauni yakan ɗan mirgina baya ya ɗaga ƙafar da tsokar gaba. Mai shanyayyun yatsu yakan tanƙwara tsintsiyar hannu baya, yatsun su dunƙule da kansu kamar ya damƙa.

Saboda haka hannun likita na biyu ya fi na farko aiki. Ɗaya na turawa, ɗaya na danne ƙugu ko allon kafaɗa, yatsa kuma na kan tsokar da ake tambaya. Tun ƙarni na 19 Hugh Owen Thomas na Libaful ya nuna cewa yaron da kwatangwalonsa ya ƙage yana iya kwanciya sak a kan gado ta hanyar lanƙwasa gadon baya. Sai an naɗe ɗayar ƙafar zuwa ƙirji, bayan ya kwanta a shimfiɗa, sannan cinyar mai ciwon take tashi ta tona asirin. Har yau da sunansa ake kiran gwajin, kuma yana da amfani ƙwarai a ƙasar da sikila ke cin kan ƙashin cinyar matasa.

Lambobin littafi da zaman tabarma

Littattafan da ake koyarwa da su sun ce lafiyayyar gwiwa takan lanƙwashe zuwa digiri 135 ko kusa da haka. Sun ce tafiya na buƙatar kimanin 60, hawan bene wajen 85, tashi daga kujera kimanin 90 zuwa 95. Da wannan lissafi, majinyacin da ya kai 110 ya gama, a sallame shi.

An yi wannan lissafi ne a kan mutanen da rayuwarsu ke kan kujera da gado mai tsawo. Manomin Kajiji ko Lambara a tabarma yake cin tuwo. A tsugune yake alwala, a tsugune yake bayan gida, a tsugune yake dashen albasa a fadama. Binciken da aka yi kan gwiwar masu salla ya nuna zaman tahiya na kai ta digiri 150 ko fiye. Tsugunno kuma yana neman idon sawu ya tanƙwaru fiye da yadda tafiya ke nema. Matar da ke daka da jan guga tana buƙatar kafaɗar da ke kai wa sama sau ɗari a wuni, kuma gwajin turi ɗaya na daƙiƙa biyar ba zai faɗi ko za ta jure ba.

Likitan da ya san aikinsa a wannan ƙasa yakan haɗa lamba da tambaya. Bayan goniyomita, yakan shimfiɗa tabarma ya ce a gwada ruku'u, a gwada sauka zuwa sujada, a gwada tashi ba dafa bango. Yakan auna lafiyayyar ƙafar ya mayar da ita mizani, domin ita ta san yadda mai ita ke zama. Ba kowace gwiwa ce za ta koma 150 ba, musamman wadda karaya ta shiga cikin gaɓarta, kuma haƙƙin majinyaci ne a gaya masa haka tun da wuri. Amma sallamar mutum a 110 da sunan ya warke, alhali ba ya iya zama a inda iyalinsa ke zama, gajarta aiki ce.

Amanawa da Asibitin Noma

Jihar Sakkwato tana da wurare biyu da suka nuna cewa awo mai kyau ba sai da kayan tsada ba.

A Amanawa, cikin ƙaramar hukumar Dange Shuni, an daɗe ana jinyar kuturta. Masu aikin kuturta a duniya sun taƙaita gwajin tsoka zuwa 'yan motsi kaɗan: rufe ido, ware ƙaramin yatsa, ɗaga babban yatsa, ɗaga tsintsiyar hannu, ɗaga tafin sawu. Sakamakon uku ne kacal, ko da ƙarfi, ko da rauni, ko ya shanye. Ana maimaitawa lokaci-lokaci a tsawon shan magani. Dalilin shi ne jijiyar da kuturta ta taɓa, in an gano cikin kimanin wata shida, sau da yawa magani na iya ceto ta. In an wuce haka, yatsun sukan ƙandare. Ma'aikacin lafiya na ƙauye yana iya koyon wannan gwaji, muddin an nuna masa yadda zai riƙe sauran yatsun kada su yi wa ƙaramin aiki.

A cikin birni kuma akwai Asibitin Yara na Noma, wanda aka kafa a 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafa masa tun 2014. Cutar Noma tana zaizaye baki da kumatun yara masu fama da tamowa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a Disamban 2023. Da yawa daga cikin waɗanda suka tsira, tabon yakan ɗaure musu muƙamuƙi har baki ya ƙi buɗuwa. A nan da milimita ake awo, tsakanin haƙoran sama da na ƙasa. Babban mutum mai lafiya yakan buɗe wajen milimita 40, kusan faɗin yatsunsa uku. Bayan tiyata, in ba a ci gaba da motsa muƙamuƙin ana aunawa ba, yakan sake rufewa a hankali yadda ido ba zai lura ba sai cokali ya ƙi shiga.

Zani, hijabi da babbar riga

Littafi ya ce a buɗe gaɓar da za a auna. A ƙasar kunya da kulle, wannan jimla ɗaya tana iya hana mace zuwa asibiti gaba ɗaya, ko ta sa a auna ta ta saman zani a rubuta abin da aka ga dama. Likitocin fisiyo mata ba su da yawa a Arewa maso Yamma, kuma awon kwatangwalo ko kafaɗa yana buƙatar taɓa wuraren da mace ba za ta yarda baƙon namiji ya taɓa ba.

Akwai hanyoyin da ke rage wannan. A yi bayani kafin a taɓa, a nemi izini a fili. A sa labule, a bar 'yar rakiya ko ma'aikaciyar jinya a ɗaki. A gaya wa mace tun zuwan farko ta riƙa sa wando mai faɗi a ƙarƙashin zani, a lulluɓe ko'ina sai wurin da ake buƙata. Dattijo mai babbar riga shi ma yana da tasa kunyar, musamman in jikarsa ce ta rako shi. Wannan ba ladabi kawai ba ne. Wanda ke jin kunya yakan ɗaure jiki, kuma ɗaurarren jiki ba ya ba da awon gaskiya.

Ra'ayoyi sun bambanta

Masu ɗori suna da hujjarsu. Suna kusa, suna da sauƙin kuɗi, ana iya biyansu da kaɗan-kaɗan, kuma akwai karaya da yawa da ke warkewa a hannunsu. Likitocin ƙashi kuwa suna nuni da ɗaurin da ya matse har ya kashe tsokar hannun yaro, da gwiwar hannun da aka yi ta fizga da murza da ƙarfi har ƙashi ya tsiro a cikin tsoka ta ƙara sandarewa. Shawarar nan ta a ba yaro bokitin ruwa ya riƙa ɗauka don hannu ya miƙe tana cikin abin da suke hanawa. Abin da ɗori ya rasa shi ne rubutu: ba a san inda gaɓa take ranar da aka ɗaure ba, balle a san abin da aka yi asara.

Su ma masana ba su bar gwajin hannu babu suka ba. Tun farkon shekarun 1960 wani mai bincike a Amurka, Beasley, ya nuna cewa yaran da shan inna ta rage wa kusan rabin ƙarfin gwiwa ana iya ba su biyar, saboda hannun mai awo bai kai ƙarfin cinya ba. Matakin huɗu kuma ya yi faɗi da yawa, yana haɗa mai ɗan ƙarfi da wanda ya kusa warkewa. Ga mai shanyewar ɓarin jiki da tsokarsa ta ɗaure, ma'aunin bai dace ba sam, sai a koma ga wasu irin na Ashworth. Ƙaramin yaro kuma ba ya bin umarni, sai a kalli rarrafensa da yadda yake miƙa hannu ga abin wasa.

Waɗannan suke-suke gaskiya ne. Amsarsu a manyan asibitoci ita ce na'urar auna ƙarfi ta hannu. A inda babu ita, akwai dabarar da wasu masu bincike a Kanada suka bayyana a 1981: a naɗe ɗamarar na'urar awon jini, a ɗan hura ta, a sa ta tsakanin hannun likita da gaɓar majinyaci, a karanta inda allurar ta kai. Kusan kowane ƙaramin asibiti yana da wannan na'ura. Ga tsokar sha-raɓa, wadda hannu ba ya iya rinjaya, ana ƙirga sau nawa mutum zai ɗaga diddige yana tsaye da ƙafa ɗaya. Wayoyin zamani ma suna da manhajar auna kusurwa, amma ita ma in an kwantar da mutum ba daidai ba, lambar banza za ta bayar.

Inda likitan fisiyo bai kai ba

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin uku a duniya yana da larurar da za ta amfana da irin wannan jinya, kuma a ƙasashe matalauta da yawa ƙwararrun fannin ba su kai goma ga mutum miliyan ɗaya ba. A 2023 babban taron hukumar ya nemi ƙasashe su shigar da aikin cikin kiwon lafiya na matakin farko. A Boɗinga da Shagari, matakin farko yana nufin jami'in lafiya na ƙauye, wanda ke da benci, tabarma da na'urar awon jini.

Ba a ce ya zama likitan fisiyo ba. Amma makarantun da ke yaye irinsa, kamar ta fasahar lafiya da ke Gwadabawa, za su iya ba shi kaɗan mai inganci: motsin nan biyar na masu kuturta, bambancin biyu da uku a gwiwa da kafaɗa, da yadda ake cika katin da majinyaci zai riƙe a hannunsa. A katin a sa kwanan wata, wane ɓangare, wace kwanciya, da kansa ya motsa ko an motsa masa, akwai zafi ko babu, da sunan mai awon. Likitan da ke Sakkwato in ya karɓi irin wannan kati ya san daga ina aka taso, kuma yana iya rage wa mutumin Dandin Mahe yawan zuwa, ya bar masa motsin da zai riƙa yi a gida a auna shi kusa da gida.

Ya kamata kuma jami'in ya san inda ba a awo. Ƙashin da bai gama kamawa ba, gaɓar da ta goce, gwiwar da ta kumbura ta yi zafi ga zazzaɓi, ba a tura su don neman lamba. Yaron da aka ɗaure wa hannu yatsunsa suka kumbura, suka yi sanyi, yana ihu in an miƙe su, a sassauta ɗaurin nan take a sa shi mota zuwa asibiti a ranar, domin tsokar da jini ya yanke mata tana fara mutuwa cikin 'yan sa'o'i.